Reshen da Mehitable Ta Sata

North Ashworth, New Hampshire
30 ga Oktoba, 1938

Zuwa ga Uwargida Philura Halvorsen,

Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan mun gode Allah. Ƙafata ta hagu tana ɗaure tun ranar guguwar Satumba, amma likita ya ce ƙashin ya kama. Yayata Orpha, wadda ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta, lafiyarta ƙalau, bakinta ma ya fi jikinta lafiya.

Ni ne Elkanah Burnap, ɗan Abner, ɗan Zenas, ɗan Gideon, ɗan Jabez wanda ya sare dajin nan ya kafa gidanmu tun ƙasar nan ba ta sami 'yancin kanta ba. Ban iya kewaye-kewaye ba, ga abin da ya kawo ni.

Jabez ya taso daga bakin teku da gatari, da saniya, da ɗan reshen tuffa soke a cikin dankali don kada ya bushe. Ya yi wa reshen aure, ya haɗa shi da wani ɗan tsiro a bayan inda ya gina rumbu, itacen ya rayu har zamanina. Al'adar gidanmu kuwa, duk ɗan da zai tafi ya kafa nasa gidan, ubansa zai yanko masa reshe da hannunsa, shi kuma ya cire hula a gindin itacen, ya jero kakanninsa tun daga Jabez, sannan ya karɓa. Kin san tuffa ba ta gadon uwarta ta ƙwallo, sai ta reshe.

To, itacen ya tafi. Guguwa ta kayar da rumbun a kansa, ta haɗa da ƙafata. Ina kwance a asibiti masu share ɓaraguzai suka zo suka sare shi, suka cinna masa wuta tare da ruɓaɓɓun katakai. Ƙananan da muke da su tsananin sanyin shekara huɗu da suka wuce ya kashe, biyun da na yi wa aure bara kuma ɓeraye suka cinye ɓawonsu a ƙarƙashin ƙanƙara.

Na rubuta wa duk zuriyar 'ya'yan Jabez maza. Na Ohio sun sayar da gona. Na Kansas fari ya gama da nasu. Na Vermont kuwa matar gidan ce ta sa wa nasu gatari lokacin da aka hana giya, wai don mijinta ya daina matse ruwan tuffa yana ɓoyewa. Ya daina, ya koma saye.

Orpha ce ta ce in rubuto miki. Ta ce an taɓa jin cewa akwai wani itace a wajenku da ake dangantawa da namu. Ni ban tabbatar ba, gonaki cike suke da itatuwan da masu su ke yi musu ƙaryar asali. Amma idan yana nan, ina so in sani.

Naki da girmamawa,
Elkanah Burnap


Otter Ridge, Wisconsin
14 ga Nuwamba, 1938

Zuwa ga Mista Burnap,

Na sami takardarka, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya lau, mun gama shigar da masara kafin ƙanƙarar farko. Maigidana Nels yana gaishe ka.

Ba sai ka gabatar mini da kanka ba, na san rubutunka. Shekara bakwai ke nan da na rubuto maka ina tambayar asalin kakata, don in bar wa 'ya'yana tarihin gidansu. Ka ba ni amsa da layi ɗaya: babu wata Mehitable a cikin sunayen da ake kira a taron Burnap. Yau da na karanta wa Nels takardarka, sai ya ajiye lofensa ya ce, "A'aha! Ashe guguwa har tunanin mutum take buɗewa?"

Tunda jero kakanni ne gaisuwar gidanku, ga nawa. Ni ce Philura, 'yar Lucinda, 'yar Mehitable, 'yar Gideon, ɗan Jabez. Kakata da kakanka Zenas nono ɗaya suka sha, ko an kira sunanta ko ba a kira ba.

A hannunta na girma, daga bakinta na ji labarin. Da za ta taho yamma da mijinta, ta je ta cire ɗankwali a gindin itacen kamar yadda ta ga yayyenta sun yi. Gideon ya ce, "Reshe na mai riƙe suna ne. Ke sunan wani kika ɗauka, ki je ki ci tuffar gidansu." Ran Lahadi ta ce kanta na ciwo, kowa ya tafi coci, ta ɗauki wuƙar uban nata ta yanko abinta. A ƙirjinta dankalin ya yi tafiya, a keken doki, a kwalekwale, a jirgin ruwa, har nan. Ta kan ce min, "Ɗan farina ma ban riƙe shi haka ba." Ta rubuta wa mahaifinta ta faɗa masa da kanta, shi kuma ya hana a sake kiran sunanta. Ta rasu tana tambayar ko an huce.

Itacen yana nan a kudu da gida, ya tsufa amma bana ma sai da muka tokare rassansa. Muna kiransa Itacen Kaka. Ka ce ana yi wa itatuwa ƙaryar asali. Ba zan yi musu da kai ba, na sa Nels ya kai akwati cike da 'ya'yansa tashar jirgin ƙasa. Ka ci, bakinka ya yi maka alƙalanci.

Philura Halvorsen


North Ashworth
6 ga Disamba, 1938

'Yar'uwa Philura,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Nels. Na fara taka ƙafar da sanda. Orpha na fama da tari, amma ta ce kada in rubuta, don haka ban rubuta ba.

Akwatin ya iso. Tun kafin in ɓalle murfin Orpha ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin girki ta ce, "Elkanah, ƙanshin ɗakin ƙasanmu ne." Na ce ta yi haƙuri, ba a yanke shari'a da hanci. Na ɗauki ɗaya na juya: ga rawayar nan da jan kumatu ta ɓangaren rana, ga kaushin nan a gindin tsinke kamar tafin hannun manomi. Na yanka, na ci.

Shi ne. Shekarata saba'in da shida ina cin tuffar nan, ba wanda zai ruɗe ni a kanta. Ban ɓoye miki ba, sai da na fita waje na tsaya a sanyi na ɗan lokaci. Da na dawo Orpha ta ce, "Me ya sami idonka?" Na ce iska ce. Ta ce, "Lallai iskar Wisconsin akwai ƙarfi."

Maganar layin da na rubuto miki a da, gaskiya na faɗa, haka na gada kuma haka nake kira duk watan Agusta idan dangi suka taru. Ba ni na cire ta ba. Abin da Mehitable ta yi, a gidan nan sunansa sata, kuma ban ga dalilin da zan canza masa suna don ina cikin buƙata ba.

Amma itace ba ruwansa da rigimar mutane. Ga abin da za ki yi. Ki jira tsakiyar sanyi, lokacin da itacen yake barci. Ki yanko tsiron bana, masu kaurin fensir, daga ɓangaren da rana ke bugu. Ki soke su a dankali, ki naɗe da ɗanyen tsumma, ki kai gidan waya. Kada ki bari ruwan itacen ya motsa, in toho ya buɗe an yi asarar shekara, kuma ni da itacenki ba mu da shekarun zubarwa. Lokaci ya yi da abin da aka ɗauka zai dawo gida.

Ɗan'uwanki,
Elkanah


Otter Ridge
3 ga Janairu, 1939

Ɗan'uwa Elkanah,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya, sai ƙanƙara da ta rufe mu har taga. A gaishe da Orpha, ta sha zuma da ruwan zafi.

Na gode da darasin yankan reshe. Shekara arba'in ina yi, amma ilimi ba ya yawa.

Reshen itacen kakata ba zai shiga jakar gidan waya ba. Ka fi ni sanin al'adar gidanku.

Philura


North Ashworth
12 ga Janairu, 1939

Uwargida Halvorsen,

Na ji. Kin rama wa kakarki, layi ɗaya da layi ɗaya, ban ga laifinki ba. Burnap ba ya roƙo sau biyu. Na gode da tuffar, mun ci mun ji daɗi. Allah ya bar miki itacenki.

E. Burnap


Otter Ridge
17 ga Fabrairu, 1939

Ɗan'uwa Elkanah,

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa. Lafiyarmu lau. Takardarka ta yi kwanaki a gari kafin a buɗe mana hanya, shi ya sa ka ji shiru. Da na karanta sai na rasa ko dariya zan yi ko in jefa ta a murhu. Nels ya ce, "Yanzu na yarda danginki ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai ɗaya gare ku, ko gatari ba ya fasa shi."

Wa ya ce maka na hana? Ka koma ka karanta da tabarau. Cewa na yi ba zai shiga jakar gidan waya ba. Kai da kanka ka rubuto min yadda ake ba da reshe a gidan Jabez: hannu da hannu, a gindin itace, mai karɓa ba hula a kansa. Saboda wannan al'adar aka hana kakata, saboda ita aka goge sunanta kusan shekara ɗari. To, al'adar da ta isa ta kori mace daga gidan ubanta ba za ta zama abin wasa ba ranar da ta juyo kanka. Ko dai tana da daraja, ka zo ka cika ta, ko ba ta da ita, ka faɗa min a rubuce cewa a banza aka wulaƙanta Mehitable. Zaɓi ɗaya.

Zumunta a ƙafa take, kuma na ji taka ta warke.

Kada ka ɓata lokaci kana fushi. Jiya na duba itacen, yana barci tukuna, amma rana ta fara ɗumi da tsaka, hankaki sun dawo. In Maris ya raba tsakiya ban ɗauki alhaki ba. Akwai kuma tsagewa a babban reshen gabas da ban gaya maka ba, ta ƙaru bana. Ban san damina nawa suka rage masa ba.

Akwai gado a ɗakin sama, akwai bargo. Nels zai tarye ka a tasha da keken ƙanƙara.

'Yar'uwarka,
Philura


Otter Ridge
9 ga Maris, 1939

Yaya Orpha,

Ina gaishe ki da kyau, ya tarin? Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma kwana uku ina jin labarinki, har na san yadda kike harara. Na rubuto ne don ki san ƙaninki ya kamo hanya yau da safe, lafiyarsa lau, kada ki damu.

Ko takarda bai aiko ba. Ranar Litinin sai ga mai kai madara ya sauke mana wani dogon tsoho a bakin ƙofa, da sanda, da jaka, da fuska kamar an aiko shi karɓar haraji. Bai ce sannu ba, ya ce, "Ina itacen?" Na ce, "Ina kwana dai, Mista." Ya ce, "Ina kwana. Ina itacen?"

Ya kewaye shi ya fi sau nawa, yana taɓa ɓawon. Ya ce an yi masa aski ba daidai ba. Na ce haka kakata take yi. Ya ce shi ya sa.

Jiya da hantsi muka fita. Na kira 'ya'yana da jikokina duka, suka tsaya cikin ƙanƙara. Na riƙe wuƙa, na jira. Yaya, mutumin nan ya tsaya hularsa a kansa har na fara tunanin sai dai mu daskare a wurin. Can sai ya cire ta. Kansa ba gashi ko ɗaya, iska kuma ba ta da tausayi. Ya soma da muryar taro: Elkanah, ɗan Abner, ɗan Zenas, ɗan Gideon, ɗan Jabez. Ya miƙo hannu.

Na ce, "Ka faɗi naka. Daga hannun wa kake karɓa?"

Ya ce, "Ba ya cikin al'ada."

Na ce, "A gidan nan yana ciki."

Nels ya ce, "Dattijo, faɗi mu shiga, kunnenka ya fara zama shuɗi."

Ya dube ni, ya dubi itacen. Ya ce, "Daga hannun Philura, 'yar Lucinda, 'yar Mehitable." Sai ya ƙara da kansa ba wanda ya sa shi, "'Yar Gideon Burnap."

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Da kakata tana da rai da ta ce in daina, kada ya daskare a fuskata. Na yanko masa masu kyau guda takwas. Dankalin yana cikin rigarsa ta ciki, ya ƙi yarda a sa a jaka. Ki karɓe shi ki ajiye a ɗakin ƙasa har lokacin aure ya yi, in ba haka ba da shi zai riƙa kwana.

Ƙanwarki,
Philura


North Ashworth
21 ga Agusta, 1939

'Yar'uwata Philura,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da Nels, da duk jama'ar da suka tsaya kallon ƙoƙon kaina. Ina lafiya, na ajiye sanda. Na san kin rubuto sau biyu ban amsa ba. Ba fushi ba ne wannan karon, rashin abin faɗa ne.

A ƙarshen Afrilu na fito da dankalin, na tarar da reshe bakwai. Na ce wa Orpha takwas kika ba ni. Ta ce, "Ka tsufa, Elkanah, ƙirga ma gagarar ka yake." Na bar maganar. Na yi musu aure a daidai inda itacen Jabez ya tsaya, na ɗaure, na shafe da kakin zuma. Aikin da hannuna ya sani ne tun ina yaro, kuma duka bakwai suka kama, suka fitar da ganye kamar kunnen ɓera.

Abin da ban lissafa ba shi ne rumbun. Shi ne ya tare wa tsohon itacen iskar arewa tun zamanin Jabez, yanzu kuwa babu shi. A ƙarshen Mayu sanyi ya dawo ba sallama, ya sauka a kwarin nan. Da safe na tarar da su baƙi ƙirin. Na jira ko za su sake toho, ba ko ɗaya. Ta yaya zan rubuto miki wannan, bayan na ƙetare rabin ƙasa na tsaya ba hula a gaban jikokinki?

Ranar Asabar aka yi taron dangi. Sun zo da yawa bana, kowa na son ganin kututturen. Na hau kansa na kira sunaye kamar kullum. Da na iso kan 'ya'yan Gideon na kira Mehitable a wurinta, tsakanin Zenas da autansu. Wani ɗan kawunmu na Vermont ya ce, "Wace ce kuma wannan?" Na ce, "Ɓarauniyar da ta fi mu duka riƙon amana. Zauna." Ya zauna. Daga nan na faɗa musu gaskiya, cewa na je na karɓo, kuma sun mutu a hannuna.

Sai Orpha ta miƙe. Kin san shekarunta tamanin da ɗaya, miƙewar ma aiki ce. Ta ce, "In kun gama makokin, ku biyo ni." Ta ja mu bayan akurkin kaji, inda katangar dutse ta yi kwana tana kallon kudu. Akwai wani ɗan tsiron tuffa da ya fito da kansa a wurin, ban taɓa kula shi ba. An sare masa kai, an yi masa aure, an ɗaure da zaren safa, an shafe da kakin kyandir, aikin dai ba kyan gani. A samansa kuwa ga sabon reshe ya kai tsawon hannuna, ganye kore shar.

Na ce, "Orpha, na takwas ɗin ke nan?"

Ta ce, "Ashe ka iya ƙirga."

Na ce, "Sata kika yi?"

Ta ce, "Ranar da zan yi aure na tambayi Baba, ya ba ni amsar da aka ba Mehitable, na yi shiru na tafi. Shekara sittin ina jiran wani a gidan nan ya miƙo min. Na gaji da jira."

Ni dai na tsuguna na duba ɗaurin, ya haɗe sarai. Zai rayu, Philura. Na san itacen da zai rayu in na gan shi. Watakila ba zan ci 'ya'yansa ba, amma za a ci su a gidan nan.

Na ce mata idan sanyi ya zagayo zan yanki reshe ɗaya a jikinsa, in mayar wurin na Jabez bayan na kafa shinge. Ta ce itacen nata ne, kuma na san hanya. Don haka in Allah ya kai mu Fabrairu zan sake cire hula, a bayan akurkin kaji, a gaban yayata. Ta ce in zo da wuri, kuma in ɗaga murya, don kunnenta ya yi nauyi.

Ɗan'uwanki,
Elkanah